Mai Jego a Filin Duba-gari

Ƙarar injin ce ta fito da Duba-gari daga ɗaki, ƙafa ɗaya da silifa, ɗaya naɗe da bandeji, yana dogara sanda yana ihu tun daga baranda.

"Kai! Kashe abin nan! Kashe na ce!"

Mai yankan ciyawa ya kashe injin, ya tsaya baki buɗe. Ɗan gefen katanga kawai ya aske. Sauran filin da ke bayan ɗakunan na nan kore shar, ciyawa har gwiwa.

Duba-gari ya daɗe da yin ritaya, amma sunan aikin ya ƙi sakinsa. Ƙuruciyarsa duk a gidajen mutane ta ƙare, yana leƙa randa da kwata, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar ciyawa. Filin nan nasa kullum tas yake kamar tafin hannu, don duk ƙarshen mako sai ya goya tankin feshi ya bi shi lungu-lungu. Ko tururuwa sai ta yi shawara kafin ta ratsa.

Sai ga shi farkon damina ya zame a matakala, ƙafa ta karye, likita ya ce kwanciya. Gadonsa kuwa a jikin tagar da ke kallon filin yake. Ruwa na sauka, ciyawa na tsirowa a gaban idonsa, yana cizon yatsa. Da takaici ya fara kallon, amma kwanciya ta yi tsawo, kallon ya zame masa aikin yi. Ya ga wasu 'yan furanni rawaya masu buɗewa da hantsi su rufe da azahar. Ya ga hawainiya tana takonta na ƙasaita a reshen gwaba. Rannan gab da magariba sai ga bushiya ta fito daga ƙarƙashin wani tsohon kwanon rufi, 'ya'yanta na biye da ita ɗugwi-ɗugwi. Rabonsa da ganin bushiya tun yana yaro, yana bin kakarsa gona. Daɗi ya kama shi har ya yi dariya shi kaɗai, amma bai faɗa wa kowa ba. Da wane bakin?

Babban ɗansa ya fito da sauri, waya a hannu.

"Baba, lafiya? Ni na kira shi. Na ce kafin ka fara fitowa a gyara maka filin yadda kake so. Ga shi gobe jikokinka za su zo dubiya."

Matarsa ma ta leƙo daga kicin, tana goge hannu da gefen zane.

"Malam, kai da ko gansakuka ba ka bari a gindin randa, yau kai ne mai hana yankan ciyawa?"

"Ƙarar ce ke sa min ciwon kai."

"To ai da sauƙi," in ji ɗan. "A ajiye injin, ya sa lauje."

Duba-gari ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ga ba mafita. Ya gyara murya.

"Akwai mai jego a ciki."

"Mai jego kuma?"

"Bushiya ce. Da 'ya'yanta, ƙarƙashin kwanon can. Ko tafiya ba su gama iyawa ba."

Ɗan ya yi ta maza ya danne dariyar, ta ƙi dannuwa. Mai yankan ciyawa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Matar ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ƙura wa mijinta ido kamar yau ta fara ganinsa, sannan ta ce:

"Na ji. To sauro fa? In yaran nan suka kwasa da gudu suka taka wani abu a cikin duhuwar nan fa?"

Gaskiyarta, kuma ya fi kowa sani. Ya sauko daga baranda a hankali, ya yafito mai yankan ciyawa. Da bakin sandarsa ya riƙa ja masa layi a ƙasa. A aske jikin ɗakuna da bakin kwata, a fitar da hanya zuwa igiyar shanya, a buɗe wa yara wurin wasa. A kwashe tsohuwar tayar can da gwangwanaye, don a ruwan da ya kwanta cikinsu sauro ke haihuwa. Amma daga gindin gwaba zuwa katanga, ko tsinke kada a taɓa.

"Wancan ɓangaren ba namu ba ne," ya ce.

"Ranka ya daɗe, na wa ne?"

"Na masu shi. Mun same su ne, feshi ya kore su, sun dawo."

Da aka zo kusa da iyakar, shi da kansa ya sa aka ajiye injin aka koma lauje. Ana gamawa ya zame silifarsa, ya ɗora lafiyayyar ƙafar a kan ciyawar da aka bari. Sanyinta ya ratsa shi har ƙeya. Wata fara ta yi tsalle ta sauka a kan bandejinsa, ya tsaya cak don kada ta tashi.

Da rana ta yi sanyi ya sa aka fito masa da kujera. Matarsa ta shimfiɗa tabarma kusa da shi, wai iska take sha. Can sai ciyawa ta motsa. Bushiya ta fito tana shinshine-shinshine, 'ya'yan na biye. Ya taɓa kafaɗar matar, zuciyarsa fal da murna, yana jiran ta yi mamaki. Ko gezau. Bushiyar kuwa ta miƙe kai tsaye, irin tafiyar wanda ya san hanya, zuwa wani abu mai ƙyalli a bayan gwabar, inda ba a hangowa daga tagarsa. Murfin tukunya ne, cike da ruwa.

"Wannan ba murfin da kika ce ya ɓata ba ne?"

"Malam, kai kaɗai ke da taga? Ta kicin ma filin take kallo." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Da ka yi haƙuri da ihun nan, ai tun da safe na ja mai injin gefe na ce kada ya kusanci kwanon. Fargabata ɗaya, ka warke ka goya tankinka."

Duba-gari ya yi dariya har da hawaye. Suka zauna suna kallon 'yan bushiyar na tura hanci cikin murfin, ɗaya har da hawa ciki gaba ɗaya.

"Tankin a ba mai so," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ruwan nan kullum kike canzawa? Kin san sauro."

"To, duba-gari ya farfaɗo."

"Bar shi kawai. Daga gobe ni zan riƙa canzawa."