Kwana Uku a Cikin Gulbi

"Wanga ba jirgi ba ne, Kubura, itacen wuta ne," in ji Malam Attahiru. Ya zura tsinke a wata tsaga, ya ɓullo ta ɗaya gefen. "Kin dai gani da idonki."

Ina tsaye a bakin zaure da kwanon kunu, na rasa ko in shiga ko in koma. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Baba Siddiƙu a Kalgo. Tun da ya kwanta ciwo ni nake dama masa kunun safe, don ya ce na 'yarsa Kubura ya cika kauri.

Jirgin yana kife a tsakar gida, shekara shida ke nan. Attahiru, babban ɗansa da ke koyarwa a Gwandu, shi ya sa aka fito da shi daga gulbi lokacin da idon Baba ya yi rauni ya daina kamun kifi. Har rumfar kwano ya yi masa don kada ya ruɓe.

"Kai ka shanya shi kamar kifi," Kubura ta ce. "Yanzu kana ganin laifinai."

Mijinta ya rasu bara, ta dawo gida da yara uku. Abin da ya bar mata gonar shinkafa ce a ƙetaren gulbi, wadda ruwa ke kaiwa ƙirji, sai da jirgi ake yankanta. Shinkafar ta nuna. Masu jirage kuwa sai sun gama da tasu, kafin nan tata ta zube.

"Ardo na son shi, shanu su riƙa shan ruwa ciki. Zai ba ki tunkiya mai ciki," in ji Attahiru. "In kin shiga wanga kin nutse, wa zai riƙe ɗiyan?"

Daga ɗaki muka ji muryar Baba. "Ku shigo duka. Har da Tasalla, na ji ƙanshin tsamiya."

Yana kwance a tabarma, ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Na durƙusa na ajiye kwanon.

"Attahiru, ka yi mishi rumfa, Allah shi yi maka albarka," ya ce. "Amma ƙishirwa ce ta tsage shi. Itacen maɗaci ne, ubana ya sassaƙa shi, bai taɓa kwana tudu ba sai a hannunka. Ku kai shi gulbi, ku loda mishi duwatsu ya nutse. Kwana uku. In ya sha ya kumbura ya rufe, a gyara wa Kubura. In bai rufe ba, a ba Ardo."

"Baba, mu nutsar da shi da hannunmu?"

"To da mi kake so? Ka ba shi da ludayi kamar ni?"

Kubura ta yi dariya, ta share ido da gefen zane.

Maza takwas suka ɗauke jirgin da yamma, har da mijina Mamman. A wurin da ya tashi sai ga ƙwan kaza guda biyar da wata tsohuwar fatsa.

Washegari da na kai kunu, ludayi biyu ya sha ya kau da kai.

"Tasalla, ruwa ya rufe shi duka?"

"Mamman ya ce hancinsa kaɗai ke waje, Baba."

"A ƙara dutse ga hancin." Ya lumshe ido. Na ɗauka barci ya yi, har na miƙe, sai ya ce, "Yanzu yana nan yana sha."

Bayan azahar ya cika. Kafin magariba an kai shi.

Kwana ukun suka wuce cikin karɓar gaisuwa, ba wanda ya ambaci jirgi. Sai dai na lura Kubura in tana tuƙa tuwon baƙi, takan tsaya da muciya a hannu idan garken tsuntsaye ya wuce ya nufi fadama.

Rana ta biyar Ardo ya zo ta'aziyya da igiya a kafaɗa. Attahiru zai koma Gwandu kashegari. Ya leƙo cikin gida ya ce, "Kubura, taso mu cika maganar tsoho."

Ta kama hannuna, muka bi bayansu.

Maza suka kwashe duwatsun, suka jawo shi bakin gaɓa. Ya yi baƙi ƙirin, ya yi nauyi. Kubura ta shiga ruwa har gwiwa tana kwarfe shi da ƙwarya, sai da ta ji ƙwaryar tana kankarar itace. Sannan muka tsaya muna kallon cikinsa.

Rana ta fara busar da shi. Tsagogin nan duk sun haɗe. Can wajen tsakiya sai wani siririn ruwa ya ɓullo, yana taruwa a hankali. Kubura ta juya mana baya. Ardo ya sauke igiyarsa daga kafaɗa.

Attahiru ya daɗe yana duban ruwan. Ya cire takalmi ya miƙa wa Mamman, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga jirgin ya tsuguna. Ya danna babban yatsa a wurin. Ruwan ya tsaya.

"Wuri ɗaya ne," ya ce. "Tsumma da kwalta sun ishe shi. Ardo, ka yi haƙuri, ka riƙe tunkiyarka."

"Yaya, ka fito in gwada shi," in ji Kubura.

"In na ɗaga hannu ya shigo. Ɗauki gora ki hau. Ki tura a hankali, kin san ban iya ruwa ba."

Ta hau ta kafa gora. Jirgin ya ja baya, ya juya hanci ya nufi ƙetare. Muna tsaye da Mamman da takalman a hannunsa, har muka daina rarrabe komai sai farar rigar Attahiru a tsugune, tana shiga cikin shinkafa.