Duron da Jalo Ya Bari

Jemima ta san Inna Bintu tun tana amarya a barikin Shadawanka. Habila, mijin Jemima, soja ne, aka tura shi aiki nesa tana da tsohon ciki. Da ta haifi Ƙauna, mahaifiyarta na kwance ba lafiya a Bogoro, ba ta samu mai zuwa mata zaman jego ba. Wata Bafulatana mai tallan nono ce ta leƙa ɗakin wata safiya, ta tarar da jaririya na kuka, uwa na kuka. Ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa, ta wanke hannu, ta karɓi yarinyar ta yi mata wanka. Tun daga ranar Jemima ke ce mata Inna, ita kuma tana ce mata Maman Ƙauna.

Yanzu Ƙauna ta shiga sakandare, Jemima kuma tana aiki a sashen kula da muhalli. A bana aka saka ta cikin wani aiki na haɗin gwiwar ƙasashe. A gefen Zungur akwai tsohon sito na wani kamfanin noma da ya daɗe da durƙushewa, ya bar ganguna da jarkokin maganin ƙwari, irin wanda duniya ta haramta tuni. Kwanon rufin ya ɓule, ruwan sama na zuba a kansu, wasu sun tsage suna yoyo. Aikin shi ne a juye maganin cikin sababbin mazubai, a rufe, a kai Legas, daga can jirgin ruwa ya kai shi wata ƙasa mai injin ƙona irin wannan guba. Wadda aka turo ta jagoranci aikin ita ce Dakta Ni'ima, 'yar Garwa ta ƙasar Kamaru, doguwa mai sanyin magana, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji.

Ranar da suka buɗe siton, kowa da takunkumi da safar hannu da takalmin roba, Dakta Ni'ima ta nuna wa Jemima sawun zagaye-zagaye a kan siminti, inda ganguna suka taɓa zama.

"Waɗannan ya fita," in ji ta. "Suna gidajen mutane. Su ne ya fi damuna."

Da aka tashi da la'asar, Jemima ta ce wa direba ya sauke ta a rugar su Inna Bintu, tunda ba nisa. Rabonta da rugar tun ta'aziyyar Jalo, mijin Inna, a bara waccan. Ta tarar da tsohuwar a gindin tsamiya tana wanke ƙorai. Aka yi ta gaisuwa, aka tambayi Habila da Ƙauna da shanu, Inna ta ƙwala wa jikarta Ikilima kira ta kawo wa baƙuwa ruwa.

Jemima ta bi yarinyar da ido. Ta ga ta zagaya bayan bukka, ta ɗaga faifai daga bakin wani shuɗin duro na roba, ta tsoma moɗa. A jikin duron, ƙarƙashin datti da kankarewar shekaru, ana iya ganin ragowar hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a giciye. Irinsa ta wuni tana ɗagawa a siton.

Ta karɓi moɗar ta riƙe, ta kasa sha, ta kasa ajiyewa. A gidan nan ba ta taɓa mayar da abin da aka miƙa mata ba.

"Inna, wannan duron fa, daga ina?"

"Na Jalo ne," in ji Inna Bintu, fuskarta ta saki. "Shekarar da gwiwata ta fara ciwo ya kawo shi. Ya ce ba zan ƙara jelar rafi ba, jaki zai riƙa cika mini shi. Da toka da yashi ya yi ta wanke shi har warin ya tafi. Ruwansa sanyi kamar na randa. Ki sha mana."

Jemima ta ajiye moɗar a hankali, ta matso ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar tsohuwar. Ta faɗa mata abin da ke cikin siton, da yadda roba ke shanye maganin, ko da me aka wanke ba ya fita, sai ya riƙa tsatsowa cikin ruwa kaɗan-kaɗan. Ta roƙe ta kada kowa ya ƙara sha daga yau.

Inna Bintu ta sunkuyar da kai. Ta ci gaba da cuɗa ƙwaryar da ta riga ta fita tas. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Shi ya fi kowa shan ruwan nan. In ya dawo kiwo nan yake fara tsayawa." Ta ajiye ƙwaryar. "Hannunsa ya yi ta rawa kafin ya kwanta. Maman Ƙauna, shi ne?"

Jemima ta so ta ce a'a. Kalmar ta zo har bakinta. Amma ta ce, "Ban sani ba, Inna. Ba wanda zai iya sani yanzu."

"To, ki tafi, yamma ta yi."

Haka suka rabu, ba rakiya. Jemima ta koma gida, ko tuwon da Ƙauna ta tuƙa ba ta iya ci ba.

Washegari ta ba Dakta Ni'ima labari. Daktar ta cire rigar aikinta, ta ɗaura zane, ta yafa mayafi, ta ce su je. Suka ɗora sabon duro a bayan mota. Da suka isa, Dakta Ni'ima ta durƙusa daga nesa ta yi gaisuwa da Fulatanci. Inna Bintu ta ɗago da sauri, ta dubi baƙuwar da kyau, ta amsa da "Jam," wato lafiya. Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsu, Jemima na gefe ba ta jin komai sai sunan Jalo da ke fitowa jefi-jefi. Ta ga Daktar ta nuna ƙirjinta tana magana, ta ga Inna ta kama hannunta ta riƙe.

A hanya daga baya ne Dakta Ni'ima ta gaya mata abin da ta ce. Mahaifinta manomin auduga ne. A jarkar maganin feshi yake ajiye musu man gyaɗa, bayan ya wanke ta da sabulu, don ita ce jarka mafi kyau a gidan. Ƙanenta ya rasu yana ƙarami. "Inna kuwa na ce masa, babana bai kashe ɗansa ba, Jalo bai kashe kansa ba. Wanda ya san abin bai gaya musu ba."

Kafin su ɗauki duron sai an huda shi, don kada wani ya sake amfani da shi in ya faɗa hannunsa. Wani ma'aikaci da ya rako su ya zo da ƙarfe mai tsini ya tsaya yana jiran izini. Inna Bintu ta taso ta tsaya a gefe, tana duban wata alama da aka ƙona a wuyan duron, kamar lauje da ɗigo a ciki. Jalo ne ya sa masa shaidar shanunsa. Jemima ta fiddo waya ta ce bari ta ɗaukar mata hoton alamar.

"Bar shi," in ji Inna. "Tana jikin kowace saniya a garken nan." Ta juya baya, ta ce wa ma'aikacin, "Bismilla, ɗana."

Da aka gama, ta tambayi inda za a kai shi. Aka ce mata Legas, sannan jirgin ruwa, sannan ƙasar Turai. Ta yi 'yar dariya tana share ido da bakin zane. "Jalo bai taɓa wuce Gombe ba, ga duronsa zai haye teku."

Ta shiga bukka ta fito da mayafinta da sanda. Ta ce duron ba shi kaɗai ya zo ba, ta san gidajen da 'yan'uwansa suka shiga, kuma in baƙi masu takunkumi suka je su kaɗai, ɓoyewa za a yi. Sati guda tana zaune a gaban motar aikin tana nuna hanya da sanda. Ita ke fara shiga kowane gida. Wani wurin ta fito nan da nan, wani wurin sai an yi sallar azahar. A ƙauyen manoma an samu wanda ake jiƙa dawa a ciki, a wata ruga kuma wanda aka yanka biyu maruƙa na shan ruwa. Wani dattijo ya rantse ba zai ba da nasa ba. Inna ta zauna a zaurensa ta ce ita ma ba za ta tashi ba, har ya gaji ya sa aka gangaro shi.

Jemima ta kai Inna da Ikilima asibiti aka ɗebi jininsu. Likita ya ce su riƙa dawowa ana duba su, musamman yarinyar.

Ranar da babbar mota ta zo kwashe kayan, Inna Bintu ta tsaya nesa inda aka ja igiya, tana kallon ana lodi. Ta yafito Dakta Ni'ima.

"In sun ƙona shi, hayaƙin fa? Su ma mutanen can suna da yara."

Daktar ta bayyana mata cewa wutar tana da zafin da ke cinye gubar, kuma ana tace hayaƙin kafin ya fita. Ta ce ta je wurin da kanta, ta san matar da ke kula da injin, sunanta Anita, tana da 'ya'ya biyu.

"To, a gaishe ta. A ce mata sannu da ɗaukar kayan da ba ita ta zubar ba."

"Ki faɗa masa da bakinki," in ji Daktar, ta danna ɗaukar murya a waya ta kara mata kusa da baki.

Inna Bintu ta gyara mayafi kamar matar na gabanta. Ta gaishe ta da Fulatanci, ta tambayi gida da yara da gajiya, tana ɗan dakatawa bayan kowace tambaya yadda ake yi. Jemima ta riƙe mata sandar har ta gama.