Bencin Ɗaukar Hoto

Da wata ƙungiyar agaji ta aiko cewa za ta kawo wa makarantar wani ƙauye bencina, hedimasta bai yi wata-wata ba. Ya sa aka fitar da tsofaffin katakan da yara ke zama a kansu, aka faskara su don a dafa wa baƙi abinci.

Tsohon mai gadin makarantar ya ce, "Malam, a bari mu ga kayan da idonmu tukuna mana."

"Haba Baba, bayin Allah ne fa. Kai dai hura wuta."

Motar ƙungiyar ta iso da hantsi. Aka jera bencina masu ƙamshin fenti, yara suka zauna suna shafa su da tafin hannu. Shugabar tawagar, wata mai tabarau, ta ce su ɗaga littattafai su yi dariya, mai hoto ya yi ta ɗauka. Baƙi suka ci suka ƙoshi, har da yabon girki.

Suna wanke hannu sai direba ya fara mayar da bencinan cikin mota.

Hedimasta ya riƙe ƙafar wani benci. "Ranki ya daɗe, ina kuma za a kai su?"

"Makarantar gaba tana jiranmu. Idan masu bayarwa suka ga hotunan, naku na nan zuwa."

"Gobe fa, a kan me yaran za su zauna?"

"A kan abin da suka saba mana, Malam."

Ba taimako ya kawo su ba, fuskokin 'ya'yan talakawa suka zo ara. Washegari mai gadi ya kwashe tokar katakan, yara suka zauna a ƙasa, hedimasta kuwa ya kasa haɗa ido da su.