Laifin Taki

Ranar da matar Malam ta ce shayin yana ɗaci, Talata ce.

Tun da likita ya raba ta da sukari, Malam ya shuka mata sitibiya a bayan kicin, ganyen nan mai zaƙi da ba ya tayar da ciwon sukari. Tsohon malamin aikin gona ne, ya karanta littattafai fiye da abin da ke da amfani ga mutum ɗaya.

Likitan ya taɓa faɗa musu, yana wasa da biro: in bakinta ya soma ɗaci, a kawo ta, ƙoda ce.

Ta ajiye kofin, ta zuba wa Malam ido.

"Taki ne," ya ce da sauri. "Yuriya na zuba bana. Tana hura ganye ya yi fankam-fankam, zaƙin kuma ya tsinke, ɗacin ya fito. Zan koma wa mai naitiret."

"Malam ke nan. Ko tuntuɓe na yi, taki ne."

Ta yi dariya, ya yi.

Ya sare shukar har ƙasa, ya sauya taki, ya ce a jira sabon toho. Kullum da safe yana tsugune a gindinta kamar mai gadin kabari, yana jin matar tana kakarin amai a banɗaki. Ƙafafunta suka ƙi shiga takalmi. Ya ce zama ne ya yi yawa.

Da tohon ya isa tsinka, 'yarsu ta zo gaisuwa. Ita ta fara kurɓa.

"Kai, Baba! Wannan ai zuma ce."

Uwar ta karɓa, ta kurɓa, ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Kamar na tsotsi ƙusa," ta ce a hankali.

A asibiti likitan ya tambaya tun yaushe. Matar ce ta amsa, da ragowar muryarta: "Kada ku ga laifinsa. Takin ne ya ruɗe mu."

Malam ya buɗe baki, ma'aikaciyar jinya ta ja labule. Ba a sake buɗe labulen tana da rai ba.

Da ma so yake ya gaya mata, ranar Talatar nan, da ta shiga ɗaki, ya kurɓi sauran shayin. Da zaƙinsa.