Addu'ar da ta Rufe Taron Ƙwallon Kwando

Tun daga Giade Suwaiba ta shigo motar Azare ranta na tafasa. Wata takwas tana horar da 'yan matan kulob ɗinta, sai shugabannin ƙungiyar ƙwallon kwando ta yankin suka cire su daga gasar bana, ba su shawarci ko kulob ɗaya ba. Taron yau ne damarta ta ƙarshe.

Sau uku tana ɗaga hannu, shugaba Alhaji Maikuɗi yana cewa, "Za mu zo kanki, 'yata."

Da ta gaji sai ta miƙe. "Ranka ya daɗe, a dokarmu ai wakilai ne ke yanke wannan hukunci."

"Malam Adam, rufe mana da addu'a," in ji Alhaji, ko kallonta bai yi ba.

Nan take kowa ya buɗe tafukansa, har wakilan Dambam da Udubo da suka yi mata alkawarin tsaya mata. Wa zai katse addu'a? Ita ma ta ɗaga nata, hawaye na zubo mata, ta ce amin tare da kowa. Kafin ta shafa, Alhaji ya kai ƙofa.