Ɗorawar Goggo Marka

Tun daga Kebbe Abdulganiyyu yake yabon itacen, iska tana kwashe rabin maganarsa kafin ta kai kunnen Zakiyya da ke bayan babur.

"Jajayen furanni, Zakiyya, suna reto kamar tuntu! Inuwarta ta rufe tsakar gida kaf. In kika tsaya bakin zaure, fadama ce shimfiɗe har inda ido ya gaji."

"Malam, dubi hanya."

Ya kauce wa ramin da ƙyar. Zafin bazara ya riga ya jiƙa bayan rigarsa, ko hantsi bai gama yi ba.

Watansu bakwai da aure, amma har yau ba su kafa murhu ba. Shi yana koyarwa a wata sakandare a Tambuwal, yana kwana a ɗakin malamai marasa iyali. Ita ma'aikaciyar lafiya ce a Kebbe, tana zaune gidan kawunta, kayan ɗakinta na jibge a ɗaure kamar na mai jiran mota. Abin da ya rage kawai a sami gida a tsakani, inda kowa zai iya zuwa aiki ya dawo. Gida tara ya duba, tara ya ƙi. Wani yana jikin injin niƙa. Wani tagarsa bango take kallo. Akwai wanda ba shi da aibu ko ɗaya, sai dai da ya tsaya a tsakar gidan, zuciyarsa ba ta ce masa komai ba. Abokan aikinsa suka sa masa suna Mai Ruwan Ido. Bai damu ba. Yana ganin mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin littattafai bai kamata ya kai amaryarsa inda ko tsuntsu ba ya sauka ba.

Shekaranjiya Zakiyya ta yanke magana a waya. An ba ta ɗaki a gidajen ma'aikata, an ce ta ba da amsa ranar Litinin. In ta karɓa, shi ke nan: ita a Kebbe, shi a Tambuwal, ya riƙa leƙo ta ran Juma'a kamar baƙo.

Shi ya sa yau ya ɗauko ta zuwa Tungar Namadi. Mako shida da suka wuce tayarsa ta yi faci a bakin tungar, ya tura babur yana neman inuwa, sai ga ɗorawa ta leƙo ta kan katangar wani gida da babu kowa ciki. Ya auna tafiyar har sau biyu: rabin awa zuwa makaranta, rabin awa da ɗoriya zuwa asibiti. Duk da haka sai da ya ƙara makonni yana jujjuya abin a ransa, yana leƙa wasu gidajen, ko Allah zai sa a dace da wanda ya fi.

Lauwali, mai gidan, yana tsugune a bakin zaure yana jiransu. Suka gaisa, ya ture ƙyaure.

Warin ne ya fara tarbarsu. Wari mai kauri, mai nauyi, irin wanda ke shiga hanci ya nemi wurin zama. Abdulganiyyu ya ja da baya. Furannin nan duk sun zube, sai dogayen 'ya'ya masu ruwan ƙasa suna lilo. A gindin itacen an girke manyan tukwane biyu bisa duwatsu, ga tabarmi an shanya baƙaƙen curi-curi a kai, ƙudaje suna ta shagali. Wata tsohuwa siririya, ɗankwalinta ya zame, tana ɗaga doguwar gora mai ƙugiya tana fizgo 'ya'yan ɗorawar.

"Lauwali, mene ne wannan? Wace ce wannan?"

"Goggo Marka ta, ƙanwar babana. Daddawa taka yi."

"A gidan da za mu shiga?"

"A gindin itacenta dai." Lauwali ya sosa ƙeya. "Malam, gida nau na, ɗorawa tata ta. Da anka raba gadon kakanmu, babana yas samu fili, ita tas samu itace. Ga ƙofarta can." Ya nuna wata kafa a jikin katanga, an kare ta da guntun zana.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Gida kat tambaye ni. Ba ka tambaye ni itace ba."

Tsohuwar ta jingine gorar, ta dube su sama da ƙasa.

"Wanga na malamin da ka zuwa yana kallon ɗorawata awa zai aure ta? Sau ukku ina hangen ka ta zana. Ko sallama."

Abdulganiyyu ya gaishe ta a daburce. Sa'annan ya kewaya tsakar gidan, ya dawo, ya sake kewayawa. Nan ya yi niyyar shimfiɗa darduma ya riƙa karatu da la'asar. Can ya sha hango Zakiyya a zuci tana tsefe kai, fure yana faɗo mata a cinya. Ko'ina ya tsaya, warin ya riga shi zuwa.

"Goggo, ba za a iya mayar da tukwanen nan wajenki ba?"

"Wajena rana ta. Shekara talatin nan nika dafa kalwa. Uwata ma nan ta dafa."

Ya matsa kusa da matarsa, ya yi ƙasa da murya. "Taho mu tafi. An yi mini zancen wani gida a Dogon Daji, an ce har da mangwaro."

"Dogon Daji?" Zakiyya ta dube shi. "Sai na wuce Tambuwal ɗin taka kafin in kama hanyar Kebbe. Malam, kai gida kake nema, ko nema kake so?"

Ba ta jira amsa ba. Ta tuɓe takalmi, ta ƙarasa gindin itacen, ta durƙusa ta gai da tsohuwar kamar yadda ake gai da uwa. Ya tsaya daga nesa yana jin su. Ina rijiya? Bayan masallaci, ba ta ƙafewa. Rafin da suka tsallako fa, in damina ta yi nisa? Yakan cika, amma ba ya kwana. In an yi haƙuri zuwa hantsi babur na wucewa. Tambayoyin da shi bai taɓa yi ba a gida goma.

Sai ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Zakiyya, wadda ko turaren wuta ya yi yawa takan buɗe taga, ta miƙa hannu kan tabarma, ta gutsuri daddawa, ta kai hanci, ta lumshe ido. Sa'annan ta sa a baki.

Goggo Marka ta daina abin da take yi. Ta kama tafin hannun Zakiyya ta juya, ta leƙa fuskarta.

"Ɗiyata, tun yaushe kika kwaɗayinta haka?"

Zakiyya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Biyu ko ukku?"

Zakiyya ta ɗaga yatsu biyu, a ɓoye, a jikin gwiwarta.

Lauwali ya yi tari, ya ce bari ya duba akuyarsa, ya fice. Abdulganiyyu ya tsaya da makullin babur a hannu. Biyu me? Sai da tsohuwar ta janyo kujera 'yar tsugune ta ce, "Tashi daga ƙasa, ba a barin irinku durƙuso," sa'annan abin ya faɗo masa. Ashe watannin ciki ake ƙirgawa.

Da Zakiyya ta taso, ya rasa ta inda zai fara.

"Ba ki gaya mini ba."

"A ina zan gaya maka? A waya, ko a zauren Kawu?" Ba faɗa a muryarta, gajiya ce. "Kai kullum za ka fita da sassafe, sai la'asar. Nan da 'yan watanni ni ba zan iya hawa babur ba. In na zauna ni kaɗai, wani abu ya taso, wa zan kira? Mangwaro?"

Ya ɗaga kai ya dubi ɗorawar. Babu fure ko ɗaya. Ya dubi kafar katangar da guntun zananta, wadda ɗazu ya ƙudurta a ransa zai sa a toshe. Taku nawa ne daga nan zuwa ƙofar ɗaki? Ya ƙirga da ido. Bai kai goma ba.

"Goggo," ya ce, "warin nan, duk shekara ne?"

"Wari?" Tsohuwar ta kama haɓa. "Ji min malami! Ran da anka kaɗa maka miyar kuka ba ita, kai ka fara yaji." Ta ɗauki gorarta. "Baƙo ɗai ka jin shi. Ran da kad daina ji, ka zama ɗan gida."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro makullin ɗakin gidan ɗaure da tsumma. Ashe duk zaman nan a wurinta yake. Abdulganiyyu ya miƙa hannu. Ta zagaye shi, ta danƙa wa Zakiyya.

Ranar Lahadi aka kawo kaya daga Kebbe a bayan a-kori-kura. Ranar Litinin Zakiyya ta ce a ba wani ɗakin ma'aikata. Shi kuwa kwana uku yana karatun la'asar a zaure, ya toshe hanci da gefen rawani, yana jiyo dariyarsu daga gindin itace. A rana ta huɗu zafi ya koro shi cikin inuwar.

Bayan mako biyu, ya shiga ofishin malamai da safe, ya ajiye littattafansa. Malam Uthman, mai koyar da lissafi, wanda shi ya raɗa masa Mai Ruwan Ido, ya ɗaga kai yana shinshina iska.

"Kai, wa ya shigo mana da daddawa ofis?"

Abdulganiyyu ya ja wuyan rigarsa ya sansana. Ya sansana hannun riga. Ya dubi abokin nasa da iyakar gaskiyarsa.

"Daddawa? Ni ban ji komai ba."