Jirgin da Yake Karkata Hagu

Ranar Talata na saita wa maƙwabcina sabuwar sandar tuƙi, kuma tun daga ranar jirginsa ya fara karkata hagu.

"Farfesa, dubi nan," ya ce. "Fiffiken hagu yana nutsewa."

"Ɗaga shi mana."

"Na ɗaga. Komawa yake yi."

Jirgin na cikin kwamfuta ne. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya zaci a layinmu akwai mai jirgin sama. Mai babur ma lallaɓa shi yake yi. Ɗaki ne ƙarami kusa da ƙofar gidansa, da teburin katako da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya, da allo mai faɗi, da kujerar da ya ciro daga wata matacciyar tanka ya kafa a kan bulo huɗu. Sandar tuƙi a hannun dama, totur a hagu, feda biyu a ƙasa don juya wutsiya. A nan yake tashi da sauka kullum bayan karin kumallo, ni kuma ina gefe a kan benci ina karanta masa jerin abubuwan dubawa, saboda rubutun na'urar ba da harshenmu yake ba.

Ni na laƙaba masa Kyaftin, don ba'a, ya karɓa kamar an ba shi lambar yabo. Farfesan da yake ce mini shi ma ba yabo ba ne. Shekara talatin na yi ina gadin littattafai a ɗakin karatu na wata kwaleji. Na karanta rabinsu, sauran rabin kuma na san ba su cancanta ba. Shi shekara talatin da shida ya yi yana jan tankar mai, bai taɓa kwantar da ita ba. Shekara biyu kafin wannan Talatar, shanyewar ɓarin jiki ta ɗan taɓa shi, hannunsa na dama ya yi nauyi wata uku sannan ya dawo. 'Yarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta kawo masa kwamfutar don ya riƙa motsa hannun. Ta zaci wasa ta kawo. Cikin shekara ɗaya mutumin nan yana sauke jirgi a gajeren titi, iska na bugunsa ta gefe, tayoyin su taɓa ƙasa kamar an ajiye ƙwai a tire.

Ni kuwa ban taɓa sauka lafiya ba. Na san dalilin da ya sa fiffike yake ɗaga jirgi, zan iya zana maka shi a takarda, amma da zarar na kama sandar sai in riƙa juya ta kamar mai tuƙa tuwo.

"Da yatsu uku ake riƙewa, ba shaƙe ta ake yi ba," yakan ce. "Gudu da hanci ake gyara shi, tsawo da totur. Kuma in ka zo sauka daina kallon ƙasan hancinka, kalli ƙarshen titi. Kai komai sai ka sunkuya a kansa kamar littafi."

To, tsohuwar sandar ta gaji, 'yar ta kawo sabuwa, ni na karanta takardar da ta zo da ita na yi saitin. Na rage mata saurin ji don kada ɗan motsi ya wuntsila jirgi, na bar mata 'yar tazara a tsakiya, irin wadda shi yake kira wasan sitiyari. Ya tashi, ya kai sama, ya daidaita hanci, fiffiken hagu ya fara nutsewa. Ba sosai ba. Kaɗan ne, irin wanda sai gwani yake gani.

"Anya ba saitin ba ne, Farfesa?"

Shafi arba'in na karanta masu ƙananan haruffa, idona yana ruwa. Tambayar ta ƙona ni.

"Na'ura ba ta ƙarya, Kyaftin," na ce. "Abin da hannu ya ba ta shi take bayarwa. Ka duba hannunka."

Ya duba hannun kuwa. Ya juya shi ciki da baya a kan gwiwarsa, ya buɗe yatsun ya rufe.

Marigayiya matata takan ce in aka ba ni zaɓi tsakanin in ce na yi kuskure da a cire mini haƙori, da kaina zan nuna wa likita wanda zai fara cirewa. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, har yanzu ban sami amsar da zan ba ta ba, kuma na nema.

Mako biyu ya yi yana kokawa da jirgin. Duk wani mai hankali sakin sandar zai yi ya ga abin da jirgi zai yi shi kaɗai. In ya karkata babu hannun kowa a kai, ka san ba hannu ba ne. Amma Kyaftin direban tanka ne. Ubangidansa na farko ya taɓa marinsa don ya saki sitiyari zai sosa kunne, tun daga ranar hannunsa bai sake barin abin tuƙi ba matuƙar inji yana aiki. Ko shayi na miƙa masa, da hagu yake karɓa. Saboda haka ya riƙe sandar a inda hannunsa ya san tsakiya take, jirgi ya ci gaba da karkata, shi kuma ya ci gaba da kallon hannun. Ya fara riƙe ta da ƙarfi, abin da ya hana ni yi. Saukarsa ta lalace. Ran nan tayar hagu ta riga taɓa ƙasa, jirgin ya bar titi ya shiga ciyawa. Ya kashe injin bi da bi, kamar yadda jerin ya ce, ya ɗauko tsohon zanen gado ya rufe teburin.

Ranar Asabar 'yar ta zo, ina zaune. Ya laluba aljihu ya fiddo makullin ƙaramar motarsa, wadda yake zuwa kasuwa da ita, yake kai ni asibitin ido, ya ajiye a tafin hannunta.

"Baba, mene ne haka?"

"Ciwon ne yake dawowa. Hannun yana ja hagu ban sani ba."

Ta kama hannun, ta sa ya matse yatsunta, ta sa ya miƙe hannuwan biyu ya rufe ido. "Ni ban ga komai ba, Baba."

"Ke 'yata ce, ba za ki gani ba. Na'ura ta gani. Tambayi Farfesa." Ya juyo. "Ko ba haka ba?"

"Haka ta nuna," na ce.

"To kin ji. Jirgin ƙarya in ya shiga ciyawa, maɓalli ake dannawa a sake. Mota in ta ja hagu, ɗan wani ne a gefen titi. Shekara talatin da shida ban taka ko akuya ba, ba zan fara da tsufana ba."

Daga nan ya daina fita. Ya fito da kujerar roba bakin ƙofa, ya zauna yana kallon masu wucewa, hannun dama a cikin na hagu kamar ya riƙe wani abu da ya tsinta. Mutumin da yake ba mai gyaran taya shawara ko ba a tambaye shi ba, ya koma amsa gaisuwa da kai. Wurin cin abinci ma, in ji 'yar, da hagu ya koma ɗaukar kofi, wai kada ya zubar.

Bayan kamar wata guda ya ce in kwance kayan in zuba a kwali, 'yar ta ba wanda zai amfana. Na shiga ɗakin ni kaɗai, na yaye zanen. Kafin in zare wayoyin na kunna, don in ga an kashe komai yadda ya kamata. Na buɗe shafin saiti. Akwai wani ɗan akwati a wurin mai gicciye a tsakiya, da ɗigo ja da yake nuna inda sanda take. Babu wanda ya taɓa sandar. Ɗigon yana zaune hagu da tsakiya, kamar faɗin ƙwayar wake.

Na tsaya ina kallonsa, sai na tuna. Wurin saiti na'urar takan ce a bar sanda a tsakiya a danna maɓalli. Ranar Talatar takardar tana ta rufewa, sai na buɗe ta na jingina ta da sandar don in riƙa gani. Nauyin shafi arba'in ya ɗan tura ta dama, na danna, na'urar ta ɗauka nan ne tsakiya. Ba ta yi ƙarya ba. Abin da na ba ta ta bayar.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in kira shi, in nuna masa ɗigon, babu hannun kowa a kai. Taku goma ne tsakaninmu, ina jin tarinsa. Maimakon haka na sake saitin. Minti biyu bai cika ba ɗigon ya koma kan gicciyen. Sai bayan na gama na lura cewa na share shaida ɗaya tak da zai yarda da ita. Abin da ya rage bakina ne.

Na fito na ce ba ni da kwalin da zai ɗauka, sai wani makon.

"Kyaftin, ka sake gwadawa mana. Sau ɗaya."

"A'a."

"Rana ta yi kyau, babu iska. Zan karanta maka jerin."

"Farfesa, ina da sauka masu kyau da yawa a kaina. Bar ni da su. Ba na son in ƙara ta ciyawa."

Bayan kwana biyu na sake zuwa ta wata hanyar. Na ce na karanta cewa irin waɗannan sandunan wasu kan zo da matsala tun daga masana'anta. Ya dube ni, a karon farko cikin makonni ya yi dariya har da buga gwiwa.

"Kai ne kuwa? Kai da ka ce na'ura ba ta ƙarya? Wallahi tsufa ya kama ka, ka fara tausayi. Bai dace da fuskarka ba." Ya share ido. "Ka san abin da ya sa nake zama da kai? Duk layin nan kai kaɗai ne ba ka lallashina. Kowa sai ya ce, Baba ka ji sauƙi, Baba ka yi ƙiba. Kai kuwa ka dube ni ka ce duba hannunka. Da ba don kai ba da yanzu ina kan titi da wannan hannun. Kada ka ɓata mini kanka."

Kalmomin suna bakina. Na san yawansu, na jera su tun a gida, har na zaɓi wanda zai zo farko. Sai mai sayar da ruwa ya tsaya yana tambayar ko a zuba, Kyaftin ya shiga yi masa bayanin jarkar da take yoyo, ni kuma na ga ai ba a yin irin wannan magana a gaban mai ruwa. Washegari 'yar tana nan. Ranar da ta biyo baya ciwon kai yake yi. Ban taɓa rasa dalili ba. Amfanin karatu ke nan.

Ranar Litinin da hantsi na fito da niyya, har na sa riga mai kyau kamar mai zuwa kotu. Yana kan kujerar robar, kansa ya ɗan sunkuya, hularsa ta zame gaba. Shayinsa yana ƙasa ta gefen hagu, ƙuda biyu a bakin kofin. Na yi sallama sau biyu. Na taɓa kafaɗarsa.

Zuciya ce, in ji likita. Ba ruwanta da hannu. Na tambaya sau biyu har 'yar ta dube ni.

Bayan kwana bakwai, da masu ta'aziyya suka ragu, ta same ni a bakin ƙofa da makullin ɗakin.

"Kawu, kayan jirgin nan kai ya kamata ka ɗauka. Kai ka san kansu." Ta goge ido da gefen mayafinta. "Kullum sai ya ce kai ne ka faɗa masa gaskiya a kan lokaci. Allah ya saka da alheri."

Na ce amin, don ba a barin addu'a a ƙasa.

Ban kwance kayan a ranar ba. Na yaye zanen, na zauna a kujerar tankar, wadda ta lotsa daidai jikin wani ba nawa ba. Na karanta jerin da ƙarfi, na amsa wa kaina. Na tura totur, na danna fedar dama kaɗan kamar yadda yake yi, jirgin ya yi tangal-tangal ya tashi. Da na kai sama na daidaita hancin, na rage wuta, sannan na ɗauke hannuna na ɗora a gwiwa.

Fikafikan biyu suka tsaya daidai da layin sararin sama. Ƙasa tana wucewa a hankali, gonaki da wani kogi, injin yana gunjinsa ƙasa-ƙasa. Ta ƙofar da na bari a buɗe ina hango kujerar robar, wani ya jingina ta da bango.

Hannunka lafiya lau yake, Kyaftin. Ni ne na yi kuskure.